Lokacin Wasa a Ajin Ƙananan Yara: Jawabin Malamai ga Iyaye

(Wannan shi ne jawabin da malaman ajin ƙananan yara suka gabatar a taron iyaye a sansanin Minawao. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.)

Mun san akwai wadda ta bar jarkarta a layin famfo, akwai wadda ta bar tukunya a kan murhu, don haka ba za mu tsare ku da yawa ba. Amma maganar da ta tara mu tana bukatar a zauna mata.

Mu ne muke riƙe muku 'yan shekara 3 zuwa 5 tun safe har rana ta ɗaga. Da yawa daga cikinmu 'yan gudun hijira ne kamar ku, hanyar da kuka biyo ita muka biyo, layin da kuke bi shi muke bi. In mun yi kuskure ku faɗa mana a gabanmu, ba za mu ji haushi ba.

A wannan zangon ƙorafi iri biyu ya iso mana. Wata uwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, na turo shi ya koyi karatu, amma duk sa'ad da na leƙo sai in tarar yana tuwon ƙasa. In tuwon ƙasa ne ai akwai ƙasa a ƙofar gidana." Wani dattijo kuma ya ce, "'Yata, na ga wani yaro ya ture jikana ya faɗi, sai na ga kin durƙusa kina magana a hankali da wanda ya yi turin. A garinmu ba haka ake yi ba." Bayan nan mun lura wasu yara sun daina zuwa. Wannan ne ya fi damunmu. Yaron da aka cire daga aji yana ɗan shekara 4, shi ne zai shiga firamare yana ɗan shekara 6 bai saba zama cikin jama'a ba, bai saba jin Turanci ko Faransanci ba, ga aji cike maƙil, malami ba shi da lokacin jiransa.

Bari mu fara da maganar Inna. Gaskiyarta, akwai lokaci kowace rana da muke ajiye allo da waƙa mu ce wa yara kowa ya zaɓi abin da yake so. Kayan wasan namu ba wasu na a zo a gani ba ne: murafen kwalba, gwangwanayen tumatir, kara, tsummoki, yashi, 'yan tsana da muka ɗinka da hannu, ƙwallon tsumma. Mu ba ma zaɓa musu wasa. Aikinmu mu zagaya, mu sa ido, mu kasa kunne.

Ku zo ku tsaya kusa da masu wasan kasuwa ku ji. Yarinya ta kasa tsakuwa kashi-kashi ta ce tumatir ne, kowane kashi murfi uku. Mai saye ya miƙa biyu, ta ƙirga ta ce saura ɗaya. Lissafi ke nan, ragi ma, kuma ba wanda ya tilasta mata. Mai sayarwar da Kanuri ta tashi, mai sayen da Mafa ko Glavda yake magana a gida, dole su nemo Hausar da za su yi ciniki da ita. Kalmomin da yaro yake tsinta a rabin awa na irin wannan ciniki, mu ba za mu iya cusa masa su da "ku maimaita" ba. Yatsun da suke murza laka suna jera tsakuwa, su ne gobe za su riƙe fensir. Tuwon ƙasar ƙofar gida da na aji duk ƙasa ce, Inna, bambancin kawai a nan akwai yara da yawa, cokali ɗaya ne, kuma akwai babba a kusa lokacin da rigima za ta tashi a kan cokalin.

Rigimar kuwa sai ta tashi. Nan muka zo maganar Baba.

Abin da Baba ya gani gaskiya ne, mun durƙusa. Ga abin da ya faru daga farko. Yaron da ya yi turin ya daɗe yana haɗa mota da kara da murafe. Jikan Baba ya zo wucewa da gudu ya taka ta, bai ma sani ba. Mai mota ya tashi ya hankaɗe shi. Abu na farko da malama ta yi, ta ɗaga wanda ya faɗi, ta duba gwiwarsa, ta share masa hawaye. Wannan Baba bai iso a kansa ba. Sannan ta juya ga mai mota, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da nasa, ta riƙe hannayensa biyu, ta ce, "Ka sha wahala a kan motar nan, an taka ta, ranka ya ɓaci. Na gani. Amma ba a turi a nan. Dubi gwiwarsa." Ta jira har numfashinsa ya sauka. Sai ta ce, "Yanzu me za mu yi wa gwiwar, me za mu yi wa motar?" Shi ya ɗebo ruwa aka wanke ƙurjewar, su biyu suka gyara motar.

Ku lura, ba a ce turi daidai ne ba. Dokar tana nan inda take. Abin da muka sauya shi ne abin da ke zuwa kafin dokar. Mukan fara tambayar kanmu: me ke cin ran yaron nan a yanzu? Sai mu faɗa masa da baki, domin ɗan shekara 4 yana jin zafin abu a ƙirjinsa amma bai san sunansa ba, hannunsa ne yake yi masa magana. In ya ji babba ya kira abin da sunansa, haushi ne, tsoro ne, kishi ne, yunwa ce, sai jikinsa ya saki, kunnensa ya buɗe. Yaro yana tsakiyar kuka da haki, duk wa'azin da za ka yi masa zuba ruwa ne a kwando. Wannan shi muke nufi da tausayi a aikinmu: ka gane abin da yaro yake ji, ka nuna masa ka gane, sannan ka tsayar da iyaka.

Da a ce malama ta tsula masa bulala, da turin ya tsaya nan take, mun yarda. Mu ma da bulala aka rene mu, ba mu zo zagin iyayenmu ba. Sai dai mun gwada mun gani: wanda aka doka yau saboda turi, gobe yakan jira sai malama ta juya baya. Kuma ya koyi cewa in ran babba ya ɓaci, ƙarami ne yake sha. Ban da haka, doka ma ta hana mu. Dokar ilimi ta Kamaru ta ranar 14 ga Afrilu 1998, a sashe na 35, ta haramta duka da duk wani nau'in cin zarafin ɗalibi a makaranta. Don haka uban da yake kawo mana ɗansa yana cewa "Malam, naka nama, nawa ƙashi," muna gode masa da amanar, amma ba za mu taɓa naman ba.

Akwai wani yaro da ya koya mana darasi. Kullum in an zube kayan wasa sai ya tattara murafe cike da rigarsa, ya koma lungu ya zauna a kansu. Ba ya wasa da su, gadi kawai yake yi. Duk wanda ya matso sai cizo. Mun yi ta ce masa rowa ba kyau, a banza. Sai wata rana kakarsa ta zo ɗaukarsa, muka yi hira, ta ce sabbin zuwa ne, kuma kafin su iso sun yi kwanaki abin da za a ci sai an ɓoye. Daga ranar muka daina kiran abin rowa. Malama ta samo ƙaramin gwangwani ta ce, "Wannan naka ne. Zuba guda goma a ciki. Ba mai taɓawa, gobe za ka same su." Washegari da ya shigo, gwangwanin ya fara dubawa, ya zazzage, ya ga suna nan. Jibi ma haka. An ɗauki makonni kafin ya fara barin gwangwanin a kan taga ya shiga cikin yara. Har yau yakan je ya leƙa shi. Ba mu hana shi.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, kuma mun san wasunku sun gani a gida sun rasa wanda za su tambaya.

Yaro abin da ya gani da abin da ya ji yake wasa da shi. Ɗaya daga cikinmu ta zauna a Garwa, ta ce yaran bakin kogin Binuwai jirgin ruwa suke yi da gwangwanin kifi, wasu su haɗa babbar mota su cika ta da tsumma su ce audugar Sodecoton ce, wasu su hau kara su ce babur ɗin haya ne. 'Ya'yan makiyaya shanun laka suke ginawa. Namu fa? Namu wasan rabon abinci suke yi. Su ja layi, kowa da ganye a hannu a matsayin kati, ɗaya ya zauna yana dangwala musu yatsa, ɗaya yana tsawa a gyara layi. Wannan yakan ba mu dariya, ko da yake dariyar ba ta kai ciki ba.

Wani wasan ba ya ba da dariya. Wata safiya yara maza huɗu suka rataya kara a kafaɗa, ɗaya yana ƙarar harbi da baki, sauran suna zubewa ƙasa. Sai wata yarinya ta sunkuci 'yar tsanarta ta ruga bayan ƙofa, ta tsuguna, ta toshe wa 'yar tsanar baki da tafin hannu. Malamar da ke ajin ta taɓa toshe bakin ɗanta haka a cikin duwatsun Gwoza. Ta kasa tsayawa, ta kira abokiyar aikinta ta riƙe mata ajin, ta fita waje.

An buɗe sansanin nan a watan Yulin 2013. Gwoza ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Agustan 2014. Yawancin yaran da ke ajinmu a nan aka haife su, shekaru bayan haka, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. To ina suka samo wannan wasa? Daga bakinmu. Daga hirar dare da muke yi muna zaton sun yi barci, daga bidiyon da ake kallo a waya yaro yana leƙe ta bayan kafaɗa, daga yadda uwa take zabura in an buga ƙofa da ƙarfi. Akwai kuma sabbin zuwa da suka biyo ta Gourenguel, su da idonsu suka gani.

Da farko karya karan muke yi mu ce kar mu sake gani. Wasan bai mutu ba, ya koma bayan ban-ɗaki inda ba babba. Sai muka gane cewa yaro ba ya iya zama ya ba da labarin abin da ya tsorata shi kamar yadda babba zai yi, da wasa yake juya abin har ya ƙanƙance ya zama wanda zai iya ɗauka. A cikin wasa shi ke cewa a fara, shi ke cewa a tsaya, wanda ya faɗi yana tashi. Yanzu in mun ga irin wannan, mukan matso mu duba fuskoki, tun da labarin zuciya a tambayi fuska. Kowa da son ransa ya shiga? Akwai wanda tsoronsa na gaske ne? Yarinyar bayan ƙofa tsoronta na gaske ne, ita aka fara zuwa wajenta, aka zauna kusa da ita aka ce, "'Yarki ta tsorata ko? Nan aji ne, ba abin da zai same ta. Kawo mu goya ta." Su kuma mazan, ba mu ƙwace karan ba. An ce musu ba a nuna wa wanda ba ya cikin wasan, ba a kuma taɓa jikin kowa da shi. Sannan malama ta tambaya, "Waɗannan da suka faɗi, wa zai kai su asibiti? Ina likita? Wa zai dafa musu kunu?" Kafin a jima tabarma ta zama asibiti, karan ya zama allura, mai harbin ma ya ce shi ne direban motar asibiti.

Ba kullum yake tafiya haka sumul ba. Akwai yaron da wasansa ba ya motsawa, abu ɗaya yake maimaitawa kullum, fuska a ɗaure, ba ya jin kira, in an gama ya fi da firgita. Irin wannan ya wuce aikin malami. Haka yaron da ya daina magana bayan da yana yi, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yake farkawa da ihu dare bayan dare, ko ya ƙi abinci, ko yake wasan da ke nuna ya san abin da bai kamata ɗan shekarunsa ya sani ba game da jikin mace da namiji. Jagorar taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi, ta taƙaita aikin a kalmomi uku: duba, saurara, haɗa. Mu muna dubawa, muna saurare, sannan mu kira ku a keɓe mu haɗa ku da ma'aikatan lafiya ko na kare yara. In mun kira ku kar gabanku ya faɗi, ba ƙara muka kai ba, ba kuma cewa muka yi ɗanku ya taɓu ba. Maganar ba za ta fita daga tsakaninmu ba.

Kar ku ɗauka kullum muna iyawa. Yara sun yi mana yawa, hannu ya yi kaɗan. A watan Maris da Afrilu, lokacin da kwanon rufi yake zafi kamar tanda, mu ma haƙurinmu yakan ƙare. Akwai ranar da ɗayanmu ya daka wa wata yarinya tsawa don ta zubar da ruwan sha tana wasan wanki, yarinyar ta shige ƙarƙashin benci ta ƙi fitowa har aka tashi. Washegari ya durƙusa a gabanta ya ce, "Jiya na yi miki tsawa, na tsorata ki, ban kyauta ba. Ruwan sha ne ba a wasa da shi, ga wani a roba." Wasu za su ce babba ya ba yaro haƙuri, girma ya zube. Mu dai abin da muka gani, bayan kwana biyu yarinyar nan ta taka hannun wata, ta tsaya ta ce mata "yi haƙuri" ba wanda ya sa ta.

Shi wasan ma haƙƙi ne da aka rubuta. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 31, ta ce yaro yana da haƙƙin hutu da wasa. Najeriya ta amince da ita a 1991, Kamaru a 1993. Tun 2024 kuma an ware ranar 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya. Ba takarda ce ta sa muke yi ba, mun faɗa ne don ku san ba mu muka ƙirƙiro abin a nan ba.

Ga roƙonmu gare ku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In wani abu ya faru a gida, rasuwa, rashin lafiya, haihuwa, faɗa, ko an kwana ba a ci ba, ku raɗa mana da safe a bakin ƙofa. Kalma biyu ta isa: "Malama, yau a lallaɓa shi." Ba sai kun faɗi dalili ba. Sanin nan kaɗai yakan sauya yadda za mu karɓi rigimarsa ta ranar.

Haka maganar komawa gida. Tun da aka sa hannu a yarjejeniyar Kamaru da Najeriya da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira a ranar 2 ga Maris 2017, iyalai sun koma bisa son ransu, wasu Adamawa, wasu Banki da Bama. Komawa ko zama shawararku ce, ba mu da baki a ciki. Amma yaro yakan wayi gari abokin wasansa ba ya nan, ba wanda ya ce masa komai. Sai mu ga ya jera kujeru ya ce mota ce, yana ɗora yara yana sauke su, ko ya zauna bakin ƙofa yana jira. In za ku tafi, ko maƙwabcinku zai tafi, ku sanar da mu da wuri, mu bar yaran su yi sallama, su yi wa juna zane su riƙe.

In yaro ya zo gida da zanen bindiga ko gida yana cin wuta, kar a yage, kar a doke shi. A ce, "Ba ni labarin wannan." In ya ba da, a saurara. In ya yi shiru, a ƙyale shi. Hirar abin da ya faru a hanya kuma, da bidiyon waya, a bari sai an tabbata ƙananan kunnuwa ba sa kusa.

Ƙofar ajinmu a buɗe take. Duk uwa ko uba ko kaka da ke so, ya zo lokacin wasa ya zauna a gefen tabarma ya kalla. Sharaɗi ɗaya ne: in rigima ta tashi, ko da ɗanka ne a ciki, ka bar malama ta yi aikinta, in an tashi sai ka gaya mata abin da ka gani. Kakanni mata, muna neman wadda za ta zo ta koya wa 'yan matan carafke da gaɗa irin ta garinku. Kakanni maza, motar kara da muke haɗawa ba ta kai taku ba.

Wanda yake da murafen kwalba, tsofaffin tsummoki masu tsabta, ƙananan ƙore ko ludayin da ya tsage, ya aiko mana. Gwangwani a daddaƙe bakinsa tukuna kar ya yanki hannu. Kar a aiko da tsohon batir, ko kwalbar magani, ko abin da ya ƙanƙanta har yaro zai iya haɗiyewa. Duk wani ƙarfe da aka tsinto a daji wajen itace wanda ba ku san ko mene ne ba, kar a kawo shi aji, kar a kai shi gida, kar ma a taɓa shi. A bar shi inda yake, a sanar da shugaban unguwa da jami'an tsaro.

Baba, jikanka muna sa ran ganinsa ranar Litinin, abokin motarsa yana ta tambayarsa. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu. Za mu fara da iyaye mata da ke can baya, don su ne za su riga tashi.